Awo ko kunne: wanne ke faɗin gaskiyar lasifika?

Duk shekara idan azumi ya ƙarato, shagunan kayan sauti a Bauchi sukan cika da 'yan kwamitin masallatai, ana neman amfilifaya da makirfo da lasifika kafin a fara tafsiri da tarawihi. Bayan salla kuma bukukuwa su kankama, masu ba da hayar kayan kiɗa su karɓi layi. Ko a Wunti ne ko a babbar kasuwa, gardama guda ce take maimaita kanta. Wani zai duƙa yana karanta lambobin da ke jikin kwali, ya ce a ɗauki mai wat 5,000. Wani kuma ya ce shi ba ruwansa da rubutu, a kunna ya ji, ai kunnensa ba ya yi masa ƙarya. Mai shago yana tare da kowa. Ga mai son lamba ya nuna kwali, ga mai son ji ya murɗa ƙara ya ce, "Alhaji, saurara da kanka."

Wannan gardama ta daɗe tana raba kan injiniyoyin sauti da masu sha'awar kayan kiɗa a duniya. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne, kunne ake yi wa aikin, saboda haka shi ke da magana ta ƙarshe. Sai dai kunnen da ke yanke hukunci a cikin shago an riga an ja ra'ayinsa tun kafin a kunna komai, lambar da ke jikin kwali kuma mafi yawanta talla ce aka yi mata rigar awo. Mutanen nan biyu da ke jayayya a kasuwa, kowannensu jabu yake riƙe da shi.

Kwali ya fi cutar mutane, don haka da shi za mu fara. Akwatin nan mai taya da ake ja kamar jakar tafiya, wanda masu tallar magani suke yawo da shi, sau da yawa za ka ga an rubuta masa wat 3,000 ko 5,000 da haruffan PMPO a gefe, wato wai ƙololuwar ƙarfin da akwatin zai iya fitarwa na ɗan ƙiftawar ido. Idan aka buɗe bayan irinsa, yawanci batir ne mai bolt 12 da amfiya 7. Duk wutar da wannan batir zai iya riƙewa ita ce wat 84 na tsawon awa guda. Da a ce da gaske akwatin yana zuƙar wat 5,000, da cikin minti ɗaya batirin ya ƙare. Ko soket ɗin bangon ɗaki mai amfiya 13 a kan bolt 230 bai cika wat 3,000 ba. PMPO ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka haɗu a kanta, kowa yana rubuta abin da ya ga zai jawo masa ciniki. Mudu ne da aka buge gindinsa, daga waje cikakke, abin da ke ciki kuwa ya gaza. Amurkawa sun sha wannan wahala kafin mu, shi ya sa a 1974 hukumarsu ta kula da cinikayya, FTC, ta tilasta wa masu ƙera amfilifaya su riƙa bayyana ƙarfin da na'ura za ta iya bayarwa a ɗore, tare da faɗin iyakar gurɓatar sautin a wannan ƙarfi. Shi ne abin da masu gyara suke kira RMS.

Ko wat ɗin gaskiya ne ma, ba shi kaɗai ke ba da ƙara ba. Ana auna ƙara da desibel, kuma lissafinsa yana ba mutane mamaki. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kacal ka ƙara, abin da kunne zai ji a matsayin ɗan ƙari. Kafin mutum ya ce ƙara ta ninka, sai an ƙara kusan desibel 10, wato wat ya ninka sau 10. Akwai kuma wata lamba da masu saye ba sa tambaya, alhali ta fi wat muhimmanci: desibel nawa lasifika take bayarwa idan aka ba ta wat 1 aka tsaya mita 1 daga gabanta. Mai ba da desibel 98 idan ta samu wat 100, ƙararta daidai take da ta mai ba da desibel 88 da aka ɗura wa wat 1,000. Ga wanda ke aiki da janareto yana sayen fetur, wannan bambanci kuɗi ne tsagwaronsu. Shi ya sa lasifika mai ƙaho da ke kan hasumiyar masallaci take kai kiran salla unguwa guda da 'yan wat kaɗan.

To, kunne fa?

Sauti kaɗawar iska ce, ana ƙirga sau nawa take kaɗawa a daƙiƙa guda, ana kiran ma'aunin haz. Kunnen matashi mai lafiya yana ji daga haz 20 zuwa 20,000, daga ƙugin babbar ganga zuwa siririn amon da ya fi na sarewa kaifi. Amma ba ya jin su daidai wa daida. A 1933 wasu masana biyu a cibiyar binciken Bell ta Amurka, Harvey Fletcher da Wilden Munson, suka nuna cewa kunne ya fi kaifi tsakanin haz 2,000 da 5,000, kuma idan ƙara ta yi ƙasa, sauti mai kauri shi ke fara ɓacewa. Da zarar an ɗaga ƙara, sai bes, wato sautin nan mai kauri, ya cika, sautin ya zama kamar ya buɗe. Ma'ana, idan aka kunna maka akwati biyu, ɗaya ya ɗara ɗaya ƙara ko da desibel 1 ne, ba za ka ce ya fi ƙara ba, cewa za ka yi ya fi daɗi. Ba sai mai shago ya yi niyyar ha'inci ba, hannunsa kawai ya ɗan zarce a kan maɓallin wanda ya fi tsada. Ga shi kuma ƙwaƙwalwa ba ta riƙe ainihin kalar sauti fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Wanda ya ji wata lasifika a Wunti da safe, ya je Yelwa da yamma ya ji wata, ya ce ta safe ta fi, abin da yake kwatantawa shi ne tunanin da ya rage masa.

Babbar matsalar ma ido ce. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a harkar sauti maganar ta tabbata fiye da yadda aka nufa. Wani masani ɗan Kanada, Floyd Toole, ya shafe shekaru a cibiyar bincike ta ƙasa da ke Ottawa yana sa mutane su saurari lasifika a bayan labulen da sauti ke ratsawa amma ido ba ya gani. A 1991 ya koma kamfanin Harman, masu lasifikar JBL. A 1994 shi da abokin aikinsa Sean Olive suka gwada ma'aikatan kamfanin su 40 da lasifika iri huɗu, sau ɗaya suna gani, sau ɗaya a bayan labule. Da ido a buɗe, manyan akwatuna masu tsada da ƙyalli suka kwashe maki. Da aka ja labule, tazarar ta ragu sosai. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, ƙwararrun cikinsu ma ba su tsira ba. Kuma lokacin da suke gani, ko an sauya wa lasifika wuri a ɗakin, abin da ke canza sauti ƙwarai, makinsu bai cika motsi ba, domin sun riga sun yanke hukunci da ido. Mutanen nan ba maƙaryata ba ne. Da gaske sun ji abin da suka ce sun ji, ƙwaƙwalwa ce take haɗa suna da farashi da kyan akwati ta zuba su cikin abin da kunne ya kawo mata.

Sai dai a nan ne masu goyon bayan kunne ya kamata su saki ransu, domin binciken bai ce a jefar da kunne ba. Da aka rufe ido aka daidaita ƙara, sai aka ga masu lafiyar ji suna haɗuwa a kan zaɓi guda, ƙwararru da waɗanda ba su taɓa shiga ɗakin gwaji ba. Da aka ɗauki lasifikar da suka zaɓa aka kai ɗakin awo, wanda aka lulluɓe bangonsa don kada sauti ya dawo, sai aka tarar suna da hali iri ɗaya. Ba sa fifita wani sashe na sauti a kan wani, layin awonsu a miƙe yake daga mai kauri zuwa siriri, kuma abin da suke watsawa gefe yana kama da abin da suke turawa gaba. A 2004 Olive ya fitar da lissafin da ke hasashen makin da masu sauraro za su ba lasifika daga awonta kawai, ya gwada a kan guda 70, dacewar ta kai 0.86 a ma'aunin da 1 ke nufin dacewa cif. Kusan kashi 30 cikin 100 na makin daga zurfin bes yake fitowa, saboda haka samarinmu da ke tambayar "yana da bes?" ba shirme suke yi ba. Kuskurensu kawai shi ne ɗaukar kumburin sauti a wajen haz 100, wanda ƙananan akwatunan bulutut suke yi don burgewa, a matsayin zurfi.

Mutum zai iya cewa ai Harman 'yan kasuwa ne, suna da abin sayarwa. Gaskiya ne, kuma ya dace a riƙe wannan a zuciya. Amma aikin ya faro tun a cibiyar gwamnati, an kuma buga hanyoyin gwajin a fili yadda kowa zai iya maimaitawa. Abin lura shi ne, awon da ya yi amfani daga kunne aka samo shi. An fara tambayar mutane me suka ji, sannan aka nemo lambar da ta dace da amsarsu.

Duk lambar da ba ta bi ta wannan hanya ba tana iya ɓatar da mutum, ko da an auna ta da gaskiya. Misali lambar gurɓatar sauti da ake rubutawa THD. Tana tattara duk ƙarin amon da na'ura ta ƙirƙira ta ba da jimla ɗaya, ba ta bambanta wanda kunne ke yafewa da wanda ke soka shi. Lasifika tana iya gurɓata bes da kashi da yawa ba wanda ya lura, wata amfilifaya kuma lambarta ƙarama amma sautinta yana karce kunne idan an yi ƙasa da ƙara. Daga ɗaya gefen kuma, amfilifaya mai kashi 0.001 da mai 0.0001 bambancinsu a takarda yake, ya yi ƙasa da abin da ɗan Adam ke ji, biyan ƙarin kuɗi a kansa asara ce. MP3 da ke cike da wayoyinmu hujja ce babba. Injiniyoyin cibiyar Fraunhofer ta Jamus, cikinsu har da Karlheinz Brandenburg, sun gina shi a kan sanin cewa sauti mai ƙarfi yana danne mai rauni da ke kusa da shi, sai suka zubar da abin da aka danne. Faifan CD yana ɗauke da bayanan sauti kilobit 1,411 a daƙiƙa, MP3 na gama-gari 128, kusan kashi ɗaya cikin 11. Na'urar da ke kwatanta siffar sauti kawai za ta ce an yi ɓarna mai yawa, amma jama'a suna saurare suna jin daɗi. Wannan ba ya nufin komai ya wuce. Karatu ko waƙar da aka yi ta matsewa ana turawa daga waya zuwa waya har ta koma kamar ana magana a cikin ruwa, babu lasifikar da za ta dawo mata da abin da ta rasa.

Inda na fi so a tsaya a yi tunani shi ne ɗaki, domin a nan ne kuɗin jama'a suka fi zubewa. Gwaje-gwajen Toole an yi su ne a ɗakuna irin falon gida. Masallacin Juma'a da zauren biki da filin Idi wata duniya ce dabam. Masallatanmu na zamani ana gina su da tayil a ƙasa, tayil ko marmara a bango, gilashi a taga, ƙubba a sama. Duk waɗannan ba sa shan sauti, mayar da shi suke yi. Liman zai furta kalma, kafin ta mutu ya furta ta biyu da ta uku, su hau kan juna. Na sahun gaba yana ji tangaram domin yana kusa da lasifika, na baya kuwa ƙugi kawai yake ji. Sai kwamiti ya ce kayan ne ba su da ƙarfi, a tara kuɗi a sayo manya. Ƙarin ƙara kuma ƙarin amsa-kuwwa ne, matsalar ta ƙaru, makirfo ya fara kuka.

Wannan abu yana da awo tun tuni. A 1895 aka ba Wallace Sabine, malamin kimiyya a jami'ar Harvard, aikin gyara wani zauren lacca da ba a fahimtar magana a cikinsa. Da bututun busa da agogo da kunnensa ya yi aikin, yana shigo da kushin ɗin kujeru yana ƙirga daƙiƙa nawa sauti ke ɗauka kafin ya mutu. Daga nan aka samu ma'aunin da ake amfani da shi har yau, wato lokacin da sauti ke ɗauka ya ragu da desibel 60. Don magana, ana son ya tsaya kusa da daƙiƙa 1 ko ƙasa da haka. Babban ɗaki mai tayil da ƙubba yana iya ninka wannan sau da yawa. Daga baya, a shekarun 1970, wasu masana biyu a Holan, Houtgast da Steeneken, suka fito da ma'aunin fahimtar magana da ake kira STI, daga 0 zuwa 1, inda 0.6 zuwa sama ake ɗauka mai kyau.

Akwai kuma lissafin tazara. Sauti yana tafiyar mita 343 a daƙiƙa. Idan mutum yana jin lasifika biyu, ɗaya ta fi ɗaya nisa da mita 17, muryar ta biyu za ta iso bayan kashi 1 cikin 20 na daƙiƙa, kuma daga nan kunne yake fara jin ta a matsayin maimaici mai dagula magana. Jera ƙahoni barkatai a harabar masallaci, kowanne yana fuskantar inda ya ga dama, shi ke jawo wannan. Babu kwalin da zai gaya maka haka, kuma sauraro a shago ba zai nuna maka ba.

Abin yana da nauyi a wurinmu fiye da jin daɗin kiɗa. Kaurin murya da wasula suna ƙasa, amma baƙaƙen da ke rarrabe kalmomi, irin su sa da sha da tsa da fa, suna can sama, daga haz 2,000 zuwa abin da ya fi. Mai karatun Alƙur'ani ya yi shekaru yana gyara mafitar haruffa don sinun ta bambanta da sadun, sai a zo a murɗa masa bes a cika eko a mikisa har haruffan su narke. Eko kaɗan ado ne, na san mutane da yawa suna son sa, kuma wannan zaɓi ne da na'ura ba ta da hurumin hanawa. Amma a ɗakin da tun asali yake amsa-kuwwa, ƙara masa eko zalunci ne ga dattijon da ya taho tun daga Gwallaga ko Fadamar Mada don ya ji tafsiri ya fahimta.

Yanayinmu ma yana da nasa tasiri. Takardar awo an rubuta ta ne a ɗaki mai sanyi da wuta tsayayya. A zafin Afrilu, wayar da ke cikin lasifika tana ɗaukar zafi bayan awa ɗaya ko biyu ana aiki, ƙara ta ragu, dije ya ƙara murɗawa. Idan janareto ya ja baya, amfilifaya ta kasa kai ƙarfinta, sai ta fara yanke kan sauti, kuma wannan yankan yana cikin abubuwan da ke ƙona tiwita, ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririn sauti. Ƙugin nan na haz 50 da ake ji a wasu wurare daga haɗin waya yake, musamman rashin wayar ƙasa mai kyau. Busasshiyar iskar hunturu kuma ta fi shanye siririn sauti a fili mai nisa.

Ga kwamiti ko mai haya da ke son sayen kaya, hanyar da ta haɗa awo da kunne ba ta da tsada. A roƙi mai shago ya kawo kaya biyu wurin da za a yi aiki da su, a lokacin da mutane suke ciki, domin jikin mutane da kafet suna shan sauti, ɗakin da ba kowa dabam yake da cikakke. A daidaita ƙararsu da manhajar auna desibel ta waya. A rufe su da yadi mara kauri, wanda ke sauyawa tsakaninsu kada ya faɗi wanne ne ke aiki. A zaunar da mutane a sahun ƙarshe da kusurwoyi, yaro da dattijo, wani ya karanta jerin kalmomin da ba a saba jin su a jere ba, su rubuta abin da suka ji, a ƙirga. Idan duka biyun suka faɗi a baya, ba lasifika ce matsalar ba, kuɗin kafet da labule da sauya wa ƙahoni wuri ya kamata a nema. Ɗaliban injiniya na jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Gwallameji za su iya ɗaukar irin wannan a matsayin aikin kammala karatu. Makirfon awo guda da kwamfuta da manhajar REW, wadda kyauta ce, sun isa a auna masallaci ko zaure a fitar da shawara.

Saura abu ɗaya da kunne ba zai taɓa faɗa wa mai shi ba, wato lalacewarsa. Toole ya lura cewa masu raunin ji su ne hukuncinsu ya fi yawo, yau su ce wannan gobe su ce wancan. A garinmu kuwa wanda aka fi yarda da kunnensa shi ne dije ko mai haɗa kaya da ya shekara goma yana tsaye a gaban akwati. Ƙa'idar masana lafiyar ma'aikata ita ce desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu, har ya zama a desibel 100 minti 15 ne kawai. Lalacewar takan fara a wajen haz 4,000, ba zafi ba jini, kuma ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka mutu ba sa dawowa. Mai wannan rauni zai ji sauti ya dushe, ya ƙara kaifi ya ƙara ƙara, shi yana jin daidai, mahalarta biki suna komawa gida kunnensu yana ƙara. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar wuraren taro, ta ce matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 a cikin kowane minti 15, ta kuma yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji. Manhajar waya tana iya kuskure da 'yan desibel, amma ta isa ta nuna bambancin 90 da 105. A wurin biki yara ne suka fi matsowa bakin akwati, wasu har da goyo a baya. A fili, duk lokacin da aka ninka tazara ƙara tana raguwa da desibel 6, don haka yaron da aka janye daga mita 1 zuwa mita 4 an rage masa desibel 12, kuma ɗora akwatunan a kan ƙarfe sama da kan mutane yana rage wa na gaba azaba ya kuma kai sauti ga na baya.